BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Filin malamin yaƙi da jahilci

Wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba tukuna, kamar yadda munka saba.

A wanga wata za mu yi zancen ranar zuwa banki. Wani zai ce wannan ai ƙaramar magana ce. Ni ma haka na ɗauke ta, sai da ta kusa ɓata mini suna a garinmu. Ku saurara ku ji.

ABIN DA YA SAME MU

A garinmu, arewa da Maraɗi, muna da ƙungiya ta mutum 40. Mafi yawansu mata ne, kuma kusan dukansu sun zauna ajina. Bayan kaka kowa yakan zuba abin da ya samu daga wake da gujiya, mu kai ajiya banki a birni. A azumin shekarar 2024 anka yi shawara a ɗauko jika 400, kowa ya samu jika 10 na ɗinkin yara da cefanen salla. Kuɗin ƙungiya ba su fita sai mutum uku sun sa hannu: shugabanmu, wanda dattijo ne, da ma'ajiyarmu, wadda kowa ke ce ma Inna, da ni magatakarda.

Motar kasuwa ba ta biyowa ta garinmu sai Litinin da Juma'a, ranakun kasuwar Maraɗi. Juma'a kuwa aikin rabin yini ne, kafin mu isa an kusa tashi. Saboda haka Litinin ce ranarmu. Ranar Litinin 1 ga Afrilu munka yi sahur, munka hau mota. Kowa ya san zafin Afrilu, ga azumi ya wuce ashirin. Da hantsi munka isa, sai munka tarar da ƙofa a rufe, mai gadi na zaune bisa benci.

Ya ce: "Sannunku da zuwa, Baba. Ai yau babu aiki."

Shugaba ya ce: "Lafiya dai, yaro? Rasuwa anka yi?"

Ya ce: "Lafiya lau, Baba. Yau hutun Pak ne, sallar Kirista. Duk ƙasa babu ofishin da ke buɗe."

Shugaba ya juyo ya dube ni, ya ce: "Malam, kai da ke karanta takarda, ba ka gani ba?" Ban samu abin faɗi ba. Kalanda tana rataye a bangon ajina tun watan Janairu, an rubuta ranar da ja, ban taɓa dubawa ba.

Litinin ta gaba, 8 ga wata, munka sake dawowa. A wannan karo ƙofa a buɗe take, amma layi ya fito har bakin titi. Salla ta matso, kowa na son kuɗinsa, ga shi ba a daɗe da ɗage takunkumin CEDEAO ba, wanda anka cire a watan Fabrairu na shekarar, mutane ba su gama hucewa daga wahalar samun kuɗi ba. Cikin azumi kuma ana tashi aiki da wuri. Anka rufe taga saura mutum kaɗan a zo kanmu. Munka ce babu komi, mu kwana gidan wani ɗan uwa, gobe Talata da asuba mu kama layi, tun da muna tsammanin azumi zai cika talatin. Bayan magariba sai rediyo ta ce an ga wata. Gobe salla.

Munka yi idi a birni cikin tufafin tafiya, nesa da iyalanmu, aljihu babu komi. Inna ta zauna ta yi tagumi, ta ce mini: "Ɗana, ni ba wahalar ce ta dame ni ba. Me zan ce ma matan nan?"

Tana da gaskiya. Kafin mu koma gida magana ta riga mu: wai mun je birni sau biyu, mun ɗauki kuɗin, mun raba tsakaninmu. Yara da yawa sunka yi salla da tsohon kaya. Akwai wadda na gaida ranar, ta kau da kai.

Da munka tashi tafiya ta uku, Litinin 15 ga wata, shugaba ya ce: "Malam, tsaya. 15 ga Afrilu ai ranar hutu ce." Shi ma yana da hujjarsa. A zamanin Janar Seyni Kunce, wanda ya hau mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, ana bikin ranar kowace shekara, kuma dattijon bai manta ba. Amma wannan hutu ya daɗe da faɗuwa. A wannan karo ban dogara da kaina ba, ban dogara da tunin dattijo ba: na buga salula na tambaya, anka ce akwai aiki. Munka je, munka ɗauko kuɗin.

Da dare na tara ƙungiya a aji, na miƙa karnen banki ga wata ɗalibata da ta iya lissafi. Ita da kanta ta karanta ma jama'a ranar da kuɗi sunka fita da abin da ya rage. Nan maganar ta mutu. Duk da haka mata biyar sunka janye daga ƙungiya, har yau biyu ba su dawo ba. Kuɗin mota kuwa jika 12 ne kowace tafiya. Maimakon jika 12, sai da akwatin ƙungiya ya fidda jika 36, ban da abin da 'yan kabu-kabu sunka karɓa don maida mu gida cikin salla.

Laifin wa ne? Banki bai ɓoye ranar hutunsa ba. Mu ne munka tashi fafe gora ranar tafiya.

RANAKUN DA BA SU MOTSI

Tun daga lokacin na zauna na koyi ranakun hutu, na ga iri uku ne. Na fari su ne masu bin kalandar boko. Kowace shekara suna nan wurinsu:

1 ga Janairu, sabuwar shekara.
24 ga Afrilu, tunawa da yarjejeniyar zaman lafiya ta 1995.
1 ga Mayu, ranar ma'aikata.
26 ga Yuli, wadda anka ƙara cikin ranakun hutu a 2024.
3 ga Agusta, ranar samun 'yancin kai a 1960, kuma ranar dashen itace.
18 ga Disamba, ranar kafa Jamhuriya a 1958.
25 ga Disamba, Kirsimeti.

Sai Litinin ta Pak, wadda wasu ke ce ma Ista. Ita kwanan watanta yana sauyawa tsakanin ƙarshen Maris da Afrilu, amma kullum Litinin ce. Mutanen da Litinin ce ranar kasuwarsu su lura da ita ƙwarai. Ita ce ta kada mu.

Waɗannan ranaku su ne ke yi ma mutumen ƙauye kwanton ɓauna, domin a garinsa babu alamar komi. Ana daka, ana zuwa rijiya, ana zuwa gona. Sai ya isa birni ya ga ƙofa a rufe. Kuma kun ga gwamnati takan ƙara rana ko ta cire, kamar yadda 15 ga Afrilu ta fita, 26 ga Yuli ta shigo. Don haka tsohuwar kalanda ba shaida ce ba. A nemi ta bana, a kuma saurari Muryar Sahel da rediyon karkara.

RANAKUN DA KE BIN WATA

Iri na biyu su ne namu na Musulunci: sabuwar shekarar Hijira, Mauludi, washegarin daren Lailatul Kadri, ƙaramar salla, da sallar layya da washegarinta. Shekarar wata kwana 354 ce ko 355, ta boko kuwa 365. Shi ya sa kowace shekara salla takan matso da wajen kwana 11. Wanda ya ce "bara a tsakiyar wata kaza munka yi salla, bana ma haka ne" ya yi kuskuren lissafi.

Abin da mai buga kalanda ya rubuta game da waɗannan ranaku tsammani ne. Magana ta ƙarshe tana ga ganin wata da sanarwar Majalisar addinin Musulunci. A nan akwai bambanci babba tsakanin sallolin biyu, ina so kowa ya riƙe shi.

Sallar layya tana ba da sanarwa. Ranar 10 ga Zulhajji ce. Da zarar an ga watan, kana da kwana tara na shiri, ka san ranar salla tabbas. Mauludi ma haka, 12 ga Rabi'ul Awwal ne, ana saninsa tun tsayuwar wata.

Ƙaramar salla kuwa ba ta sallama. Azumi na iya zama 29, yana iya zama 30, kuma ba ka sani sai daren. Don haka mai hankali yakan ɗauka 29 ne. Ya kuma ɗauka cewa kwanaki ukun ƙarshe ba nasa ba ne, na layi ne. Duk abin da za a yi a banki don ƙaramar salla, a gama shi kafin azumi ya kai ashirin.

Masu hulɗa da Katsina, Kano da Sakkwato, da masu jiran saƙo daga 'yan ci-rani, su ƙara da wannan: ranar hutunmu ba lalle ta zama tasu ba. A 2024 mun yi ƙaramar salla ranar Talata, Najeriya ta yi ranar Laraba. Su kuma suna hutu ranar 12 ga Yuni da 1 ga Oktoba, alhali mu muna aiki. In saƙonka zai ratsa ofis biyu, na can da na nan, to hutu biyu ke gabanka.

RANAKUN DA BA A RUBUTA BA

Iri na uku babu su cikin kalanda. Ƙofa na iya zama a buɗe, amma bukata ba ta biya ba.

Akwai Asabar da Lahadi. Babbar kasuwar Tawa ranar Lahadi take ci. Wanda ya saida shanu ko albasa ranar, ya san da cewa kuɗinsa za su kwana a jikinsa. Ya shirya wurin kwana na aminci tun kafin ya baro gida. Mutumen Damagaram da ke zuwa kasuwar Alhamis, in bai gama da banki ranar ba, abin da ya rage masa rabin Juma'a ne, daga nan sai Litinin. In kuma hutu ya faɗo Juma'a ko Litinin, kwana uku ke nan a jere. In sallar layya ta kama Alhamis da Juma'a, kwana huɗu.

Akwai ƙarshen wata, lokacin da ma'aikata da 'yan fansho ke karɓar albashi. In ƙarshen wata ya haɗu da jajibirin salla, kada ka kusanci wurin sai dole. Ranar farko bayan dogon hutu ita ma haka take, domin duk wanda anka rufe ma ƙofa ranar zai dawo.

Akwai bukukuwan gari. Kokowar gargajiya ta neman takobi, wadda anka fara a Tawa a 1975, tana zagaya jahohi. Bikin 18 ga Disamba ma ya zagaya: Maraɗi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017, Damagaram Sabuwa a 2018. Haka hawan salla a Damagaram da Bianu a Agadas. Garin da ke karɓar baƙi yakan cika, a tare wasu hanyoyi, kuɗin mota ya hau, masauki ya yi wuya. In kallo ya kai ka, madalla. In harkar kuɗi ce, je kafin biki ko bayansa.

Akwai kuma ranar da za a ce maka na'ura ba ta aiki, ko wuta ta ɗauke. Wannan ba mai iya saninta tun daga gida. Maganinta ɗaya ne: kada ka je a ranar ƙarshe, don in ta faru ka samu wata ranar.

LISSAFIN BAYA-BAYA

Manomi ya san wanga lissafi ko bai shiga aji ba. Ba ya jiran ruwan shuka ya sauka kafin ya nemi iri. Haka za mu yi da banki. Ka fara daga ranar da kake bukatar kuɗin, ka ƙirgo baya. Ka cire Asabar da Lahadi. Ka cire ranakun hutu. Ka cire Juma'a in garinku na da nisa. Ka cire ranakun da mota ba ta zuwa. Abin da ya rage shi ne ranakunka na gaskiya, kuma za ka yi mamakin ƙarancinsu. Mu da munka yi wanga lissafi daga baya, mun ga cikin azumi duka Litinin huɗu ko biyar gare mu, mun bar na fari sun wuce muna cewa da sauran lokaci. Cikin ranakun da sunka rage, kada ka zaɓi ta ƙarshe. Zaɓi wadda ke da wata a bayanta.

Masu biyan bashi su fi kowa kula. Matan da ke karɓar bashi su turke rago don layya, ku dubi ranar biya da ke rubuce a takarda. In ta faɗo cikin hutu, ku biya kafin hutun. Kada ku ce ai ƙofa ce ke rufe, ba laifinmu ba ne. Tarar jinkiri na iya hawa, kuma ƙungiyar da ta yi latti bana takan sha wuyar samun bashi baɗi. Wanda anka biya da shek na wani banki dabam, ya sani ba a ranar yake zama kuɗi ba. Sai ya yi wasu kwanaki, kuma kwanakin aiki ake ƙirgawa, ban da na hutu.

Masu saida raguna kuma matsalarsu ta juye. Kasuwa ta fi zafi a kwanakin ƙarshe, daidai lokacin da banki ke shirin rufewa. Kuɗi masu yawa a ɗaki cikin salla suna da abokan gaba: ɓarawo, gobara, da ɗan uwan da ba ka iya ce ma a'a. Abin da ka saida da wuri, kai shi ajiya da wuri, ka rage nauyi.

Wani zai ce yanzu ai akwai kuɗin salula, da gidajen aika kuɗi, da injin da ke ba da kuɗi da kati. Gaskiya ne, sun rage wahala, ni ma ina amfani da su. Amma mai shagon salula na ƙauye kuɗin hannunsa kan ƙare ranar jajibiri, inji ma yakan wofinta cikin dogon hutu. Kuma kuɗin ƙungiya masu hannu uku ba su fita ta nan. Wanda ke amfani da salula ya riƙe lambar sirrinsa, kada gaggawar salla ta sa ya faɗa ma wani.

KAFIN KA HAU MOTA

1. Dubi kalandar bana, ka saurari rediyo daren tafiya.
2. Duk ranar da ka je banki, karanta takardar da ke manne a ƙofa. Nan ake rubuta lokutan aiki da sanarwar hutu. Kwafe lambar wayarsu a bayan karnenka.
3. Buga waya ka tambaya. Kiran dala ashirin ya fi tafiyar jika huɗu.
4. In kuɗin da za ka ɗauka suna da yawa, sanar da su tun da wuri.
5. Duba katin shaidarka na ɗan ƙasa, ka tabbata wa'adinsa bai ƙare ba. Ofishin da ke sabunta shi ma yana hutu.
6. In na ƙungiya ne, ku tabbata duk masu sa hannu suna gari, suna da lafiya. Lokacin layya wani ya tafi aikin haji, bayan kaka wani ya tafi ci-rani.
7. Rubuta adadin kuɗin tun daga gida. Mu da dala muke ƙirga, takardar banki da faran take magana. Dala ɗaya faran 5 ce, jika ɗaya faran 1.000. Jika 400 ana rubuta ta 400.000.
8. In kun dawo, ko an samu ko ba a samu ba, ku tara jama'a ranar ku nuna karne. Shiru shi ke haifar da zargi.

AIKIN WANGA WATA

'Yan uwana malamai, ga abin da nake roƙonku. Kowa ya sauko da kalandar ajinsa. Ɗalibai su nemo ranakun da anka rubuta da ja, su karanta su da ƙarfi, su kwafe cikin kayensu. Sannan a ba su wanga lissafi: an ga watan Zulhajji daren Litinin, Talata ce 1 ga wata. Wace rana ce salla? Kwana nawa banki zai yi a rufe? Mutumen da mota ke zuwa garinsu Litinin da Juma'a kaɗai, wace rana ya kamata ya je, kuma wace ce ta biyu in ta fari ta ƙi? Ku aiko da amsoshin ɗalibanku ta hannun mai kula da yaƙi da jahilci na gundumarku. Za mu duba su tare a fitowa ta gaba.

A ajinmu yanzu Inna ce ke riƙe da jan alƙalami. Duk farkon wata ita ke zagaye ranakun hutu a kalanda, kuma babu mai hawa mota da sunan ƙungiya sai ta duba ta ce a tafi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai mu wata mai zuwa lafiya.

Naku,
Malamin yaƙi da jahilci, jahar Maraɗi.